Gemun Malam Armiya'u

Malam Armiya'u, tsohon hedimasta a Kaura Namoda, ya ƙudurta neman auren Hajiya Uwani ta Zurmi, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Tare suka yi karantarwa da ƙuruciya, tun daga nan ba su sake haɗuwa ba. Hanya kuwa yanzu ba a binta don marmari, sai dai hira ta waya. Rannan ta ce ya aiko da hoto ta ga abin da shekaru suka rage.

Hoton waya bai yi masa ba, wai ya cika tonon asiri. Sai ya sauko da zanen da jikarsa Zulaihat ta yi masa bara da fentin mai. Komai ya yi kyau, in ban da gemu, fari fat kamar kaɗa.

"Amarya, zo ki baƙanta min gemun ga," ya ce da jikar. "Gobe direba zai wuce Zurmi."

"Haba angona! Fentin mai ai sai ya yi kwanaki yana danƙo."

"Wancan fa na cikin roba, mai bushewa kafin shayi ya huce?"

"Akirilik? Shi da ruwa ake dama shi. In shi ne a ƙasa, mai ya hau kansa, lafiya lau. Amma in shi ya hau kan mai, ba ya kamawa. Ɓarewa zai yi."

"In ji wa?"

"In ji malamanmu."

"Ni ma malami ne. Na san rabin abin da muke faɗi, don a yi shiru ne a aji."

A nan yana da 'yar gaskiyarsa. Ina ma haka ya tuhumi wanda ya fara gaya masa cewa mata baƙin gemu suke so.

Zulaihat ta shafa baƙin akirilik, gemu ya fito kamar na sabon kofur. Aka naɗe zanen da zani, aka cusa shi tsakanin buhunan gero, ya sha rana da gargada har Zurmi.

Da la'asar Uwani ta kira.

"Malam, saƙo ya iso. Amma wa ka aiko min?"

"Ni ne mana, Hajiya."

"To gemunka na saɓa. Gefe guda ya ɗago, na sa farce, sai ga shi yana biyo ni kamar ɓawon dafaffen dankali."

Malam ya nemi kujera ya zauna. "Aikin yara ne, Hajiya. Kayan zamanin nan..."

"Kada ka ɗora wa yarinya. Ni ce fa na gaji ajinka, na san makin da kake ƙara wa 'yan ajinka."

Ta cikin wayar yana jin ƙarar farcenta a jikin zanen.

"Yawwa, na gama," ta ce. "Wancan saurayin ban san shi ba, ba ni da abin da zan ce masa. Wanga dattijon na ƙasa kuwa, in hanya ta yi sauƙi ya zo ya ga yayana Jibrin."

Zulaihat na bakin ƙofa tana danne dariya.

"Ke kuma mi kike tsaye?" in ji Malam. "Je ki ce a goge min farar rigata."