Marainiyar Cragthorpe

Noreen Hepworth ta binne ubanta a talabijin ranar Asabar da yamma, shi kuwa yana zaune a kulob ɗin mahaƙa kwal na Cragthorpe yana kallonta.

Cyril Hepworth ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci saboda ranar. Kulob ya cika maƙil, don faifan 'yarsa ya fi kowane faifai kasuwa a Ingila a wannan mako. A Landan ba Noreen ake ce mata ba, Vicky Lorne ce. Sun sauya mata suna, sun rina mata gashi, sun kankare mata karin harshen arewacin Ingila daga baki. Cyril bai taɓa cewa uffan ba. Murya dai tata ce, kuma ya san inda ta tashi. Uwarta ta rasu tun tana rarrafe. Shi ya raine ta. Yakan fito daga ramin kwal, ya wanke hannu, ya taje mata kai. A kulob ɗin nan ta fara waƙa, tsaye a kan akwatin kwalaben giya don na baya su hango ta.

Ta gama waƙarta, aka tafa. Mai gabatarwa ya tambaye ta wa ya koya mata.

Ta sunkuyar da kai. "Mahaifina ne. Rami ya rufta da shi ina ƙarama. Sunansa na nan jikin dutse a garinmu."

Mai zuba giya ya bar famfo a buɗe har kofi ya tumbatsa. Babu wanda ya yarda ya dubi Cyril.

Horace Binns, abokin aikinsa a ƙarƙashin ƙasa tun suna samari, shi ya fara magana. "To, marigayi, ka mutu ba ka gaya mana ba? Da mun zo da badujala."

Ba wanda ya yi dariya, har shi Horace ɗin. Cyril ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya bar giyarsa ko kurɓa bai yi ba.

Akwai dutsen kuwa. Yana tsaye a gaban zauren mahaƙa, an sassaƙa sunan duk wanda ramin ya ci. Akwai Hepworth a jiki: Stanley, ƙanin Cyril, wanda ya mutu ko aure bai yi ba. Cyril ne ya tono shi da hannunsa.

Ranar Talata wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Mista Pargeter ne, manajan Noreen, mai takalmi kamar madubi. Ya zauna ba a ce ya zauna ba. Cyril ya ajiye masa shayi.

"Mista Hepworth, kada ka ɗauki abin da zafi. Haka sana'ar take. Wani mu ɓoye matarsa, wani mu rage masa shekaru. Jama'a na son marainiya. Tun da ta faɗi maganar nan faifai ke tafiya kamar ana rabawa kyauta."

"Wa ya sa mata maganar a baki?"

"Ni na ga sunan a dutse. Ita ta yarda."

Cyril ya dube shi. Ya so a ce ƙarya mutumin yake yi.

Pargeter ya ci gaba. Ranar Lahadi Noreen za ta zo da 'yan jarida ta ajiye fure a gindin dutsen. Abin da ake so kaɗan ne: Cyril ya tsaya gefenta a matsayin baffanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar uba. "Ka ga ai ba ka fita daga hoton ba. In kuwa gaskiya ta fito yanzu, jaridu za su yi kaca-kaca da ita. Ta gama waƙa ke nan."

"Shayinka ya huce," in ji Cyril. "Ga ƙofa."

Mutanen Cragthorpe ba sa sayar wa baƙo labarin nasu. Sun saba tun zamanin yajin aiki: ɗan jarida ya yi tambaya, a nuna masa hanyar tasha. Horace ya sami Cyril a bayan gidansa wajen kejin tattabaru.

"Gari na jiranka, Cyril. Ka yi shiru, mu yi shiru. Ka buɗe baki, mu buɗe."

"Ba ni zan buɗe ba. Ita za ta faɗa."

"In ta ƙi fa?"

"'Yata ce. A gaban kyamara ta yi ƙarya. Ba za ta iya a gaban idona ba."

Ranar Lahadi aka tashi da yayyafi. Bayan coci gari duka ya hallara a gaban zaure, maza riƙe da huluna a hannu kamar yadda ake yi wa dutsen. Motar ta iso. Noreen ta fito cikin baƙaƙen kaya, da baƙin tabarau, da fararen furanni a ƙirji. Ta rame. Cyril ya ga haka tun daga nesa, har ya tuna da kifi da dankalin da ya saya ya ajiye mata a murhu.

Ta durƙusa a gaban sunan Stanley. Masu hoto suka yi ta haska ta. Sannan Pargeter ya kamo hannunta ya kawo ta gaban Cyril.

Ta miƙo masa hannu kamar baƙuwa. "Baffa Cyril. Na gode da ka zo."

Wata tsohuwa a cikin taron ta toshe baki da gyale. Horace ya mayar da hularsa kai.

Cyril bai karɓi hannun ba. Ya dubi yatsun. Akwai tabon ƙuna a babban yatsa, na ranar da ta taɓa murhu tana koyon tafiya, ya ɗauke ta a guje har gidan likita da baƙin kwal a fuskarsa.

"Cire tabaran nan," ya ce.

Ta cire. Idanun uwarta ne, a bushe.

"Wancan da kika ba fure ƙanina ne. Bai haifi kowa ba. Ki bar shi ya kwanta." Bai ɗaga murya ba, amma 'yan jarida sun matso, alƙaluma a hannu. "Ba zan tona ki ba, Noreen. Garin nan ma ba zai tona ki ba. Da bakinki nake so. Gaya wa mutanen nan ko ni wane ne."

Pargeter ya buɗe baki. Noreen ta ɗaga masa hannu ta tsayar da shi. Ta dubi dutsen, ta dubi masu hoto, ta dubi tsohon da ke tsaye cikin kwat ɗin coci ruwa na sauka a kafaɗarsa. Ta mayar da tabaranta.

"A'a," ta ce. "Ba zan faɗa ba."