Alli a Bayan Riguna

Allin ne ya fara faɗuwa, sannan Baba Ajimi ya dafa bangon zauren ya sulale ƙasa a hankali.

"Baba, lafiya?" in ji Muhsinat.

"Jiri ne kawai. Dubi layi na huɗu, 'yata, nan kike ɓata kullum."

Ina ta ga ta layi na huɗu? Ta ruga cikin gida ta kira matarsa, aka tare Keke Napep aka yi asibiti da shi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a jami'a kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na unguwar Fezzan, katanga ɗaya da su Muhsinat. Ita kuwa darasin lissafi na kalkulas ya kayar da ita sau biyu a jami'a, kuma an gaya mata ƙarara: in ta sake faɗuwa a jarrabawar ranar Alhamis, ta tattara nata ya nata. Wata biyu ke nan kullum bayan la'asar tana zaurensa, inda ya shafa wa bango baƙin fenti ya mai da shi allo. Tsohon akwai taurin kai, Allah ya sani. Ba a kwafa, ba a ɗaukar hoto.

"Abin da ke cikin waya na waya ne," yakan ce. "Bari ya shiga kanki tukuna."

A ranar da ya faɗi, Litinin, ya riga ya cika bangon da abu guda da ya rage mata: yadda ake amfani da dabarar lissafin da ake kira intagireshan a gane ko jerin lambobi marar ƙarshe zai taru wuri ɗaya ko zai yi ta tafiya ba dawowa. Daga nan aka rufe zauren.

Ranar Talata ta je asibiti duba shi. Bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Littafinta na cikin jaka, amma da wane ido za ta fito da shi? Ya kalli jakar, ya kalle ta, ya ɗaga yatsu huɗu.

"Na gane shi, Baba," ta ce.

Ƙarya ce, kuma ta ga ya sani. Laraba da hantsi ya cika.

Ana dawowa daga maƙabarta maza suka cika zauren. Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, ta kuma ji kunyar kanta, don a tsakiyar kukan ma bangon take tunani. Da abin ya ishe ta, ta miƙa wa yayanta Ridwan waya.

"Yaya, don Allah, hoto ɗaya."

Ya shiga, bai jima ba ya fito.

"Dattawa ne jingine da shi tun daga wannan kusurwa har waccan. In ce su tashi? Ki yi haƙuri."

Ta koma gindin darbejiyar ƙofar gidansu ta tsaya. Da aka kira la'asar maza suka fara fitowa, kowa bayansa fari fat. A bayan wata shuɗiyar riga ta hango doguwar alamar nan mai lanƙwasa da Baba ke ja da ƙarfi, da rabin wata lamba a juye. Ta bi ta da ido, tana ƙoƙarin karantawa.

"Alhaji, ka kwaso alli," in ji wanda ke bayan mai rigar.

Ya sa hannu ya kakkaɓe masa, suka wuce masallaci.