Murfin Tukunyar Tabawa

Jiya bayan azahar na ɗora tukunya, na ɗan kishingiɗa a tabarma, sai na yi wani mafarki.

Ni ne Sallau na Yawuri, in ba ku sani ba. Sau biyu dorina tana kife mini jirgi, ina fitowa da hulata a kai. Kwalara ta share unguwarmu, ta tsallake ni. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Abu ɗaya ne ya gagare ni a duniya: kek ɗin cakuletin matata Tabawa. A tukunya take gasa shi, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Tun da ta rasu bara nake gwadawa duk ranar Alhamis. Nawa kullum sai ya lotsa a tsakiya kamar an zauna a kai.

To, a mafarkin sai ga ni a bakin kogi. Kogin a tsaye yake kamar katanga, masunta suna hawansa da tsani. A gindinsa akwai ofis. Dorinar nan ce a ciki, da tabarau, tana tankaɗen fulawa.

Ta ce, "Sallau, har yanzu kana nan?"

Na ce, "Ke ma shaida ce, ba a kayar da ni."

"Me kake nema?"

"Tabawa. Tambaya ɗaya zan yi mata."

Ta ɗauki ƙwai ta buga mini hatimi a tafin hannu. Ƙwan bai fashe ba, teburin ne ya tsage. Ta ce in bi hayaƙi.

Hayaƙin a ƙasa yake rarrafe. Na bi shi ta cikin wata kasuwa inda ƙwai suke sayar da kaji. Sukari yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, mutane sun kifa lema suna takawa. Ban tsaya ba.

Sai tsakar gidanmu. Tabawa tana kan kujerarta 'yar tsugunne, da shuɗin zanen nan nata, ga tukunya a kan murhu.

Ta ce, "Malam, ka rame."

"Ni? Shekaranjiya da hannu ɗaya na ɗaga buhun fulawa."

"Rabin buhu ne. Ina kallo."

Na ce, "Ke dai faɗa mini abin da kike sakawa. Fulawa, bota, ƙwai uku, cakuleti, duk na sa. Me kika ɓoye mini?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ba abin da na ɓoye. Kai ne ba ka barin murfi. Shekara arba'in da ɗaya kana leƙa mini tukunya, ina buge maka hannu da ludayi. Yanzu ba mai bugewa." Ta nuna mini tabarma. "Zauna. Muddin murfin nan yana rufe, ina nan."

Na zauna. Ta tambaye ni ko na gyara ƙyauren ɗaki. Na ce tuntuni. Ta ce ƙarya ne. Ta cire mini zare a wuyan riga. Wallahi da a bar ni haka, da ban nemi komai ba.

Sai ƙamshi ya taso. Zuciyata ta ce yana ƙonewa. Ni da na tsaya gaban dorina ban motsa ba, hannuna ya tafi da kansa. Kaɗan na ɗaga, kaɗan.

Babu kek a ciki. Yashi ne shimfiɗe har iyakar gani, da Tabawa 'yar mitsitsiya tana tafiya a kai, ba ta waiwayo ba. Na juya. Kujerar ba kowa, ta lotsa a tsakiya.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Tukunyata tana nan a kan murhu, a rufe, ƙamshi ya cika gidan. Na jawo kujerarta kusa da ni, na zauna a kan hannuwana biyu, har garwashin ya yi fari.