Ɗigo na Uku a Gindin Mariƙi

Mariƙi na huɗu, ƙarfen da ke riƙe wuƙar inji, ya zame cikin mazauninsa sumul, sai Akawu ya jefar da magagari ya shiga taka rawa a tsakiyar garejin, da tumbinsa da komai. Matarsa ta leƙo, ta ga dattijo ɗan shekara sittin da biyu yana juyi da garin ƙarfe har a gira, ta ce Allah ya shirya, ta koma.

Shekara talatin da biyar ya yi yana tura biro a ofis. Da ya yi ritaya sai ya sayo ɗan injin sassaƙar ƙarfe, wanda duka-duka bai fi keken ɗinki girma ba. Mahaifinsu aikinsa ke nan har ya rasu, kuma Yaya ne ya gaje shi. Shi kuwa Akawu tun yana yaro ake korarsa daga shago, wai hannunsa na takarda ne. Maganar nan ta daɗe tana ci masa rai, kuma yau yake so Yaya ya janye ta.

Yayan ne ya aiko masa da mariƙan wuƙa guda shida na marigayin, waɗanda aka yi domin babban inji. Sun fi ƙarfin mazaunin ɗan injinsa, sun ƙi shiga. Kwana uku Akawu yana gurzarsu, tafin hannu duk ya yi bororo, ko a jikinsa.

Bayan azahar Yaya ya iso yana dogara sanda. Akawu bai bar shi ya gama gaisawa da matar gidan ba, ya jawo shi gareji, ya zaunar da shi, har da goge masa kujera. Ya ɗaure guntun farin ƙarfe, ya gyara tabarau, ya kunna inji yana washe baki kamar gonar auduga.

Wuƙar ta taɓa ƙarfe, ƙara ta tashi mai kashe haƙori. Babu abin da ta yanka, gogawa kawai take yi, injin yana karkarwa, noti biyu suka gangaro daga tebur. Akuyar maƙwabta ta amsa daga bayan katanga.

Yaya ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Da ya samu numfashi sai ya ce bakin wuƙa dole ya tsaya daidai tsakiyar ƙarfen, nasa kuwa ya ɗare sama. Wanda ya rage mariƙi ta sama ya shigar da shi ne kawai, bai saukar da shi ba.

"Ta ƙasa ake ci, Akawu. Ko ɗan koyo na kwana biyu ya san wannan."

"Na sani, Yaya."

"Ka sani? To me ya kai ka?"

Akawu ya kwance mariƙin ya kife shi a tafin hannu. A gindinsa akwai ɗigo biyu da aka buga da ƙusa, sun yi baƙi saboda tsufa. Ya ce alamar Baba ce, kuma shi ba zai iya sa mata magagari ba.

Dariyar Yaya ta tsaya. Ya karɓa, ya shafa wurin da babban yatsa. Sannan ya ba shi labari. Baba ma a hannun wani ya saye su, sun yi wa injinsa girma, ya rage su ya buga ɗigo ɗaya. Da shagon ya dawo hannun Yaya aka canza inji, shi ma ya ci gindinsu, ɗigon Baba ya tafi da garin ƙarfe, ya buga biyu.

"Wato kwana uku ina lallaɓa alamarka ce?"

"Tawa ce. Na kuwa gode."

Wannan karon tare suka yi dariyar, har matar ta sake leƙowa ta ce ashe abin na gida ne.

Akawu ya koma kan magagari. Yaya yana zaune yana ba da umarni, a rage nan, a auna, a ƙara kaɗan, kai ba haka ba. Kafin la'asar ta yi sanyi aka sake ɗaurawa. Wuƙar ta shiga shiru, zaren ƙarfe mai sheƙi ya fito yana nannaɗewa, ya yi ta tsawo bai tsinke ba. Akawu ya kwashe shi da gudu ya kai wa matarsa kicin, ta ce ya fitar mata da shi kafin ya faɗa tukunya.

Da ya dawo ya tarar Yaya ya kwance mariƙin ya kife shi a kan tebur, ya ajiye hamma da ƙusar buga alama a gefe.

"Uku za ka buga," in ji shi.

Na farko da na biyu suka zauna a layi. A na ukun ƙusar ta goce wa Akawu, ɗigon ya karkace gefe. Yaya ya ɗaga mariƙin wajen haske ya duba, bai ce a gyara ba, ya miƙo masa na gaba.