Injin Ummulkhair da Man Suya

Shekara bakwai ke nan Ummulkhair na riƙe da injin niƙa a Ɗanzomo, a wani ɗan shago da ke manne da zauren gidansu. Ta san muryar injin nan kamar yadda ta san tarin mijinta. In ya sauya ƙara ko yaya, tana daga madafa za ta ji. Mijin nata, Malam Ilu, tsohon malamin makaranta ne. Tunda ya yi ritaya ya rasa inda zai sauke iliminsa, sai a kan kayanta.

Da gas ya yi tsada, ga shi sai an je Gumel kafin a samu mai kyau, sai Malam ya shigo wata rana da labarin da ya gani a waya: wai injin gas yana shan man gyaɗa. Ummulkhair ta ce to madalla, amma ba nata injin ba. Ya yi mata bayanin rabin awa, har da zane a ƙasa. Ta ce ta ji, ta kuma gode, kada dai ya taɓa.

Ran Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari, ya bi masu suyar kifi da masu awara ɗaya bayan ɗaya yana karɓar tsohon man da suka gama da shi. Ya dawo da jarka biyu a bayan babur, ya ɓoye bayan rumbu. Washegari ta tafi suna Sule Tankarkar, shi kuma ya buɗe tankin injin ya ɗura.

Abin haushin, injin ya tashi. Da ta dawo ta tarar da shi yana aiki, Malam na tsaye kusa da shi ya harɗe hannuwa, fuska cike da murmushi. Hayaƙin da ke fita kuwa ƙamshin soyayyen kifi yake, har bakin titi. Ganin akwai mutane, sai ta wuce shi. Ta shige ciki ta ajiye mayafi da ƙarfi.

Kwana biyu ana haka. Ƙudaje suka cika shagon, magen maƙwabta ta tare a bakin ƙofa. A rana ta uku Kande mai koko ta zo da safe, ta ce masu saye sun fara tambayarta ko da romon kifi take damawa yanzu. Ummulkhair ta ba ta haƙuri, ta juya ta dubi Malam. Shi kuwa cewa ya yi hancin mutane ne bai saba da ci gaba ba.

A rana ta huɗu injin ya ƙi tashi. Ta juya hannun injin har kafaɗarta ta riƙe, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ga mata tara a layi, wasu da jiƙaƙƙen gero, wasu da wake, abin da in ya wuce hantsi zai yi tsami. Suka jira, suka gaji, suka ɗauki robobinsu ɗaya bayan ɗaya suka nufi injin da ke can ƙarshen gari. Tana tsaye tana kallonsu.

"Malam," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "na ce maka kada ka taɓa, ko ban ce ba?"

"Kin ce. Amma ai kin ga ya yi kwana uku."

"Ya yi shekara bakwai kafin ka zo masa da iliminka."

Sai bayan azahar Sha'aibu bakanike ya iso daga Gumel. Ya kwance matatar mai, ya zazzage ta a kan tsumma. Ga ɓurɓushin awara, ga ƙonanniyar albasa, har da ƙayar kifi. Ummulkhair ta gyara tsayuwa, tana jiran ya wanke Malam tas. Maimakon haka Sha'aibu ya goge hannu ya ce ai dabarar ba ƙarya ba ce, gaggawa ce ta ɓata ta. Man yana da kauri, dole a bar shi ya kwanta, a tace shi sosai, a ɗumama, a gauraya kaɗan cikin gas, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A kuma tayar da injin da gas zalla, a kashe shi da gas zalla, in ba haka ba man zai daskare a ciki ya toshe hanya. Hayaƙin kuwa a ƙara wa salansar bututu a fitar da shi ta baya.

Malam ya dube ta kamar wanda aka ba lambar yabo. Da a ce Sha'aibu ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Ta yi kwana biyu ba ta kula jarkokin ba. Amma gas bai sauko ba, mai kuma ga shi a ajiye. Ta sayo kwaɗo ta garƙame shagon, ta ɗaura makullin a bakin zaninta. Ta samu tsohon ɗankwali ta tace man sau uku da kanta, ta juye a galan ta shanya a rana, ta zuba kashi ɗaya cikin huɗu kamar yadda bakaniken ya ce. Injin ya karɓa, sai dai muryarsa ta ɗan yi nauyi, kuma kullum sai ta duba matata. Matan suka dawo, ban da biyu.

A majalisa Malam yana ba da labarin yadda ya ƙirƙiro sabon man inji, ba ya ko ambaton wadda ke tacewa. Ta bar shi da bakinsa. Amma ran Asabar ta shiga madafa ta nemi babbar tukunyarta ta rasa. Ta leƙa bayan gida, sai ga Malam a tsugune gaban tukunyar, ya sa tabarau, da ƙullin sodar sabulu a gefe. Ya ce ya gano akwai hanyar da ake dafa man ya koma gas na gaske, saura sinadari ɗaya da zai nemo a Kano.

Ummulkhair ta sunkuya ta ɗauke tukunyarta. Ta ce in ya je Kanon ya haɗo da tasa tukunyar.