Jiran Azariya

Shifra na tsakiyar barbaɗa wa kifi gishiri ta ji tarin maƙwabcinta Azariya ya canza. Ta goge hannu a zani ta leƙa. Tsohon na kwance a tabarma, numfashi na fita da ƙyar. Ba ta nemi izininsa ba, ta tafi da ƙafarta ta kira ɗansa Natan.

Duk garin Magdala da ke bakin tafki an san Azariya ya kori Natan tun ranar da ya shiga cikin masu cewa Almasihu ya riga ya zo, wai mutumin Nazarat ɗin nan da Romawa suka gicciye. Shi kuwa Azariya tun yana yaro yake jiran ɗan Dawuda, sarkin da annabawa suka yi alkawari, wanda zai fatattaki Romawa. Jiran nan ne ya ci babban ɗansa Uriya, wanda ya tafi kare Haikali, babban ɗakin ibadarsu, a Urushalima. Haikalin ya ƙone, ko gawar Uriya ba a gani ba.

Natan ya durƙusa, furfura ta fara fito masa, ya gaishe da uban. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya harari Shifra.

"Shisshiginki ne zai kashe ki, Shifra."

"Kai fa ke mutuwa, Baban Uriya, ba ni ba. Yi wa yaro magana."

Sai ya tambayi Natan ko har yanzu yana kan bakansa. Natan ya ce yana kai. Ya fara bayani a hankali, cewa annabawan da Baba ya koya masa su suka faɗa za a raina mai zuwan, a ji masa rauni saboda laifin jama'a.

"Mu aka raina, mu aka ji wa rauni," in ji tsohon. "In ya zo, ina Uriya? Me sojan Roma yake yi har yau a bakin tafki?"

"Almasihu zai dawo, Baba."

Azariya ya yi wata dariya da ta zame masa tari. "Ashe kai ma jiran kake. A kan haka ka bar ni ni kaɗai."

Natan ya miƙa masa ruwa, ya kau da kai. Da Shifra ta miƙa, ya kurɓa. Kafin la'asar tsohon ya cika.

Dattawan majami'ar da Azariya ke ibada suka zo suka shirya shi. Da Natan ya kai hannu ga makara, ɗayansu ya dafa masa kafaɗa ya ce akwai masu ɗauka. Natan ya bi su a baya, daga nesa.

Da yamma Shifra ta sami Natan zaune a ƙasa a ƙofar gidan, ya yage wuyan rigarsa alamar makoki, babu wanda ya zo masa ta'aziyya. Ta ajiye masa gurasa da dafaffen wake, ta zauna a dakalinta. Can ƙasa masunta na tura kwale-kwale cikin ruwa. Abincin ya huce a gabansa.