Injin da Na Saya wa Tsohuwa

Shekara arba'in da ɗaya na yi a kamfanin matsar mai, kuma ban taɓa zama a aji ba ko na wuni guda. Masu takarda sun zo sun tafi, ni ina nan. Tukunyar tururi ta fashe ina tsaye a gefenta, mutum uku aka kwasa, ni na koma gida da ƙafata. Inji ya cinye min yatsa biyu, na ɗaure hannun da tsumma na ƙarasa aikin ranar. Na faɗi wannan ne don a san ba wawa ne ya je sayen injin nan ba.

Tsohuwa, wato matata, ta faɗi a banɗaki wata safiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, haɗiya ta zama aiki. Ranar da aka sallame mu daga asibiti, Auta, ƙaramar 'yarmu, ta ce za ta tafi da ita gidanta, tafiyar wuni guda a mota. Na ce ba mai raba ni da matata ina numfashi. Muka yi ta ja-in-ja har muka tsayar da magana: a ba ni wata ɗaya. In aka ɗora tsohuwa a sikeli ba ta ragu ba, tana nan a ɗakinta. In ta ragu, Auta ta ɗauke ta, ba zan ce uffan ba.

Auta ta fita karɓo magani sai nas ta miƙo min takarda, ta ce duk abin da za a ba ta ci yana ciki. Na ninke na sa a aljihu, ban gaya wa kowa ba. Da Auta za ta koma gida ta ce in sayi injin markaɗe. Na ce na ji.

A kanti matar da ke sayarwa ta jera min kala uku. Na farko na markaɗe ne, tulun roba da 'yar wuƙa a gindi. Na biyu yana juyi da gudu yana ihu kamar an taka wutsiyar kare. Na ukun na ɗaga na ji nauyi, na buɗe, sai ga dunƙulen matsa a ciki mai murɗawa a hankali, ga rariyar ƙarfe, ga baki biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na tuƙa. Ɗan ƙaramin injinmu na kamfani ne sak. Matar ta tambayi wa za a yi wa, na faɗa mata. Ta ce in don mai jinya ne, gara na markaɗe, shi ba ya zubar da komai.

"'Yata," na ce, "tun ba a haife ki ba nake matsa. Amfanin abu yana cikin ruwansa. Tuƙa ta dabbobi ce."

Ba wanda ya taɓa riƙe inji kamar yadda na riƙe wannan. Kullum da safe in wanke karas da tuffa da kokwamba, in cire ƙwallo da 'ya'ya, in yanka sirara da yatsuna takwas. Ba na danna masa kaya, ɗaya bayan ɗaya nake ba shi. Da na gama in kwance shi, in goge rariyar da buroshi tun tuƙa ba ta bushe ba. Ruwan kuwa in sake tace shi da ƙyalle, don kada ko ɗigon gari ya tsaya mata a wuya. Sau biyar a rana. Tuƙar in zuba a bokiti in miƙa wa maƙwabcinmu mai kiwon zomaye.

Tsohuwa tana sha tana ƙwarewa. Cokali uku, sai tari, har hawaye ya zubo ta idon da ba ya rufuwa sosai. In ya lafa ta kalle ni ta ce, da bakin nan nata da ya karkace, injiniya marar takarda ya samu abin wasa. Sau ɗaya ta ce min yunwa take ji. Na ƙara mata kofi, na sa abarba don zaƙi. Auta tana bugo waya kullum, ina ce mata uwarta ta kusa fara tsere.

A sati na uku mai zomaye ya tare ni a bakin ƙofa yana dariya, ya ce Allah ya ƙara wa mai jiki lafiya amma kada ta yi saurin warkewa, zomayensa har sun yi wuya. Na yi dariya ni ma. Da na shiga ciki na tarar awarwaron tsohuwa ya zame ya faɗo kan zanin gado. Na mayar mata, na matse shi kaɗan da filaya.

Wata na cika Auta ta zo da sikelinta. Mu biyu muka riƙe tsohuwa ta tsaya a kai. Auta ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa. Kilo huɗu da rabi sun tafi. Ta shiga kicin ta ga injin a rufe da tawul, ta ga bokitin tuƙa, ta tambaye ni ko asibiti ba su faɗi abin da za a ba ta ba. Ni ba na ƙarya. Na ciro takardar. Ta karanta a tsaye: ƙwai, kifi, wake, dankali, madara, a markaɗa duka tare ya yi kauri, a guji ruwa tsararo domin shi ke ƙware ta.

"Baba, me zai ragu a jikinka da ka ba wani ya karanta maka ita?"

Na fara cewa masu rubuta takarda ba su taɓa matse ko lemo ba. Sai muryar tsohuwa daga ɗaki, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙyale shi, Auta. Ni na ce ruwan nake so."

Ba ta taɓa cewa haka ba. Mu ukun mun sani.

Magana magana ce, ban ce uffan ba. Na haɗa mata kayanta da kaina, da magunguna da bargon da take so. Na tambayi Auta ko da wurin da zan raɓa a can. Ta ce ɗaki biyu ne, ga yara huɗu, amma in na samu hali in riƙa zuwa dubiya.

Direban da ya kawo Auta ya ce zai taya ni sauko da tsohuwa daga bene, na ce ya tsaya a motarsa. Na ɗauke ta ni kaɗai, matakala goma sha tara, ban huta ba ko sau ɗaya, ban ma yi haki ba. Sai da na zaunar da ita a kujerar baya na gane dalili. Ta kama hannun rigata da hannunta mai lafiya, ta ce in riƙa cin abinci. Auta ta cire hannun a hankali, ta rufe ƙofa.